Wa Ke Cin Wa A Cikin Tafki?

Darasin sanin halitta don malaman aji biyar da na shida

Cikin darussan da a ke so mu koya wa yara a sanin halitta, akwai wanda a ke kira sarƙar abinci, watau yadda wata halitta ke cin wata, ita ma wata ta cinye ta. Galibin littattafan da ke hannunmu misali ɗaya su kan kawo: ciyawa, akuya, kura. Misalin ba shi da aibu, sai dai gajere ne, yaro ya kan haddace shi cikin minti biyu, ya tashi bai gane kome ba. Ni a ganina, in muna so yara su ga yadda abin ya ke da gaske, gara mu kai hankalinsu cikin ruwa, gama a nan ne sarƙar ta fi tsawo, a nan ne kuma ɗan Adam ya sa mata hannu har ya ga sakamako cikin 'yan shekaru kaɗan.

Watakila wani ya ce, "Ina ruwanmu da tafki, mu da ke zaune a gindin duwatsu?" Gaskiya ne ƙasarmu ta Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi ƙasar rafuka ce. Amma ruwan da ya sauka a kan tuddanmu ba ya tsayawa a nan. Wani ya bi Kogin Kaduna ya zuba cikin tafkin Shiroro, wani ya bi Gurara ya faɗa Kwara, wani ya bi Mada ya tarad da Binuwai. Banda da busasshen kifin da iyayenmu mata ke sayowa ranar kasuwa kuwa, da yawansa daga manyan ruwaye na nesa ya ke fitowa. In kifi ya ragu can, a nan miya ke yin lami.

Maganar ba sabuwa ba ce. Fiye da shekara dubu da suka wuce wani malami na Basra, Al-Jahiz, ya rubuta cikin littafinsa na dabbobi yadda kowace dabba ke farautar wata, ita kuma a farauce ta. A 1927 wani Bature na Ingila, Charles Elton, ya tsara maganar ta zama ilmi mai ƙa'ida. Abin da zan yi a nan shi ne in ɗauki kifayen da mu ka sani da sunayensu, in nuna inda kowanne ya ke tsaye.

Tushen abinci

Kowane abinci na cikin tafki daga rana ya ke farawa. In ka ɗebi ruwan kududdufi a kwalba ka ɗaga shi wajen haske, za ka ga ya yi kore-kore. Wannan koren tsire-tsire ne 'yan mitsi-mitsi, dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya iya rarrabe su sai da madubin ƙara girma. Su kan haɗa hasken rana da iska da gishirin ƙasa da ke narke cikin ruwa, su yi abincinsu kamar yadda dawa ke yi a gona. Su ne gonar tafki. Bayansu akwai manyan tsire-tsire na gefe, kamar su bado da kainuwa da burgu, sa'an nan da ruɓaɓɓen ganye da laka da damina ke kwasowa daga tudu.

Masu kiwo a wannan gona na farko wasu halittu ne ƙanana ƙwarai, masu kama da jatan lande, amma babbansu bai fi ƙwayar acca ba. Zan kira su ƙwayoyin ruwa. Tare da su akwai tsutsotsin sauro da na sauran ƙwari, da katantanwa. Kusan kowane kifi, kome girman da zai yi nan gaba, da ƙwayoyin ruwa ya ke fara rayuwa sa'ad da ya fito daga ƙwai. Wannan abu ne da ya kamata malami ya nanata wa yara: giwan ruwa ma da abincin da ido ba ya gani a ka yaye shi.

Masu kiwo, masu tono, da mafarauta

Bari mu ɗauki tafkin Kainji ya zama allonmu, tun da shi ne a ka fi bincikawa a ƙasar nan. Za mu iya kasa kifayensa kashi huɗu bisa ga abin da su ke ci.

Na farko masu kiwo. Babbarsu ita ce karfasa. Ita ta kan tace gansakuka daga ruwa, ta kankare wadda ta manne a jikin duwatsu da itatuwa, wata irinta kuma har ganye ta ke tsinka. Don haka hanjinta dogo ne ƙwarai, a nannaɗe, ya ninka tsawon jikinta sau da yawa, gama abincin ganye ba ya narkewa da wuri. Cihaki ma ciyawar ruwa ya ke ci. Bargi kuwa, wanda ke yin sheƙa cikin ciyayi lokacin ambaliya, ya kan tace ƙwayoyin ruwa da 'ya'yan ciyawa da laka.

Na biyu masu tono a ƙasa. Faliya laka ta ke zuƙa, ta ɗebe abin amfani da ke ciki. Ƙurungu, mai ƙaya uku da gashin baki, ya kan nemi katantanwa da tsutsotsi a ƙarƙashin ruwa, ko da ya ke akwai wani irinsa da ke iyo a rigingine yana tsintar abin da ke saman ruwa. Miligi, mai dogon baki kamar zunɓutu, da dare ya ke fita, ya cusa bakinsa cikin laka da tsakanin duwatsu ya zaƙulo tsutsa.

Na uku 'yan ƙanana masu yawo a tsakiyar ruwa garke-garke. A nan mu ke samun kawara da shemani, masu cin ƙwarin da suka faɗa ruwa da 'ya'yan itace da ƙwayoyin ruwa. A nan kuma mu ke samun warangi, ɗan kifin nan dangin sardin, wanda galibi bai kai tsawon yatsa ba. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ku. Shi ne gadar da ke tsakanin abin da ido ba ya gani da manyan kifaye: shi ke cin ƙwayoyin ruwa, shi kuma manya su ci shi.

Na huɗu mafarauta. Tsage, mai haƙora a waje kamar na kare, da rana ya ke farauta, da ido, a sararin ruwa, ya afka wa garken warangi ko kawara da gudu. Ragon ruwa ya fi son ƙasa da dare. Yauni cikin ciyayi ya ke laɓewa, yana tafiya gaba da baya da fiffiken nan dogo na gadon bayansa. A 1951 wani malami na Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya gano yauni na fitar da lantarki mai rauni kullum ba tsayawa, daga baya ya nuna da shi ne ya ke gane abin da ke kewaye da shi cikin duhu da ruwa mai gurɓi. Minjirya kuwa lantarkinta mai ƙarfi ne, da shi ta ke sumar da abin da za ta ci. Sarkinsu duka shi ne giwan ruwa, wanda ya kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, ko da ya ke irin wannan ƙato da wuya a same shi. Yana ƙarami ya ci ƙwayoyin ruwa, ya ɗan tasa ya koma ga jatan lande da ƙwari, ya girma ya ci kowane kifi da bakinsa zai iya haɗiyewa, har da 'ya'yan giwan ruwa 'yan'uwansa.

Tarwaɗa fa? Ita ba ta da zaɓe. Ƙwaro, kwaɗo, hatsi, mushe, ɗan kifi, duk nata ne. Tana kuma iya shaƙar iska daga sama, shi ya sa ta ke rayuwa a kududdufin da sauran kifaye suka mutu. A bakin tafki kuma ga zalɓe da kwasakwasa da karen ruwa da kada, ga masunci da komarsa.

Ku lura da abu ɗaya. Tsage da yauni da ragon ruwa da giwan ruwa duk kifi su ke ci, amma ba su gama da juna ba, domin sun raba wuri da lokaci: wannan sarari, wancan ciyayi, wannan rana, wancan dare. Kamar kasuwa ce, kowa da rumfarsa. Ku lura kuma abin ya wuce sarƙa guda, ya fi kama da saƙar gizo-gizo, gama kifi ɗaya na da abinci iri-iri da maƙiya iri-iri.

Lissafin ɗaya cikin goma

Me ya sa warangi ya fi ƙirguwa, amma giwan ruwa sai jefi-jefi? Amsar ta fito daga wani saurayi Ba'amurke, Raymond Lindeman, wanda ya yi shekaru yana auna halittun wani ɗan tafki a jihar Minesota. An buga aikinsa a 1942, shekarar da ya rasu bai cika shekara 27 ba. Abin da a ka koya daga gare shi shi ne, abincin da dabba ta ci ba duka ke zama nama ba. Yawancinsa ya kan ƙare wajen motsi da numfashi, wani ya fita kashi. Abin da ke wucewa daga mataki zuwa mataki kamar kashi ɗaya ne cikin goma, wani lokaci ya ɗara, wani lokaci ya gaza.

To, mu yi lissafi. Kilo 1,000 na gansakuka ya ba da kilo 100 na ƙwayoyin ruwa. Wannan ya ba da kilo 10 na warangi. Wannan kuma ya ba da kilo 1 tak na tsage. Amma in karfasa ce ta ci gansakukar nan kai tsaye, kilo 100 na kifi za a samu. Ashe ruwan da zai ciyad da gida ɗaya da tsage, zai ciyad da unguwa da karfasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu kiwon kifi a duniya suka fi riƙe masu cin ganye da masu cin kome. Giwan ruwa mai kilo 50 kuwa, kafin ya kai haka ya ci abin da ya kai kilo 500 na ƙananan kifaye.

Abin da ya faru a Kainji

An fara ginin madatsar Kainji a 1964, a ka rufe ruwan a 1968. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 136, faɗin fuskarsa kuwa wajen murabba'in kilomita 1,270. Tsohon garin Bussa ya nutse, tare da gangaren duwatsun da Mungo Park ya halaka a ciki a 1806. An ta da mutane wajen 44,000 a ka sake musu matsuguni. Tun daga farko a ka kafa wurin bincike a Sabon Bussa don a duba abin da zai sami kifi, wurin da ya zama cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa.

Da kogi ya koma tafki, sai rumfunan kasuwar nan suka sake. Miligi, wanda ya saba da ruwa mai gudu a kan duwatsu, ya ragu ƙwarai. Ruwa ya haye gonaki da dazuzzuka, ciyawa da ganye suka ruɓe, laka ta yi maiƙo, sai faliya ta yi ta haihuwa har ta zama ita ce ta fi yawa a cikin taru. Wajen 1970 zuwa 1971 kifin da a ka kama a shekara ya kai kusan tan 28,000. Masunta suka yi ta zuwa daga ko'ina. Amma wannan daula ta ɗan lokaci ce. Ruɓaɓɓen ganyen ya ƙare, masu kamu suka yi yawa, kafin 1978 abin ya faɗi zuwa wajen tan 4,500. A hankali karfasa ta ƙaru a gefe-gefe inda ruwa ba zurfi, warangi kuma ya cika tsakiyar tafkin, tsage da giwan ruwa suka dogara a kansa.

Sai kuma wata fitina ta taso. Don a kama warangi da yawa, wasu suka shigo da wani babban taru mai ƙananan idanu ƙwarai, wanda a ke kira dala, a ke ja daga bakin gaɓa. Wannan taru ba ya tambayar sunan kifi. Tare da warangi ya kan kwaso 'ya'yan karfasa da na faliya da na giwan ruwa, waɗanda ke fakewa a gefen ruwa. Ɓarna biyu ke nan a lokaci ɗaya: an ɗebe abincin manya, an kuma ɗebe manyan gobe. A ƙarshen shekarun 1990 gwamnatocin jihohin Neja da Kebbi suka hana su da dala, da taimakon sarakuna da sarakunan ruwa.

Tafkin Chadi ya nuna mana wani gefen. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin da a ka yi a 1973 da na 1984 suka janye shi har ya gaza kashi ɗaya cikin goma, wurare da yawa suka zama fadama. Shemani, mai son sarari da hawan kogi don haihuwa, ya ragu. Tarwaɗa da karfasa, masu jure ruwa marar iska, suka gaje wurin.

Baƙon da ya cinye masu gida

Giwan ruwa ɗan gida ne a Kwara da Binuwai da Chadi, kifayenmu sun san shi tun fil azal, sun san yadda za su kauce masa. Amma a tafkin Biktoriya, wanda ke tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 68,000, da babu shi. Abin da ke ciki shi ne 'yan kifaye dangin karfasa iri wajen 500, waɗanda babu su ko'ina a duniya sai nan. Kowanne da sana'arsa: wani ya kankari gansakuka, wani ya fasa katantanwa, wani ya ci laka, wani ma ɓawon jikin ɗan'uwansa ya ke ci.

A shekarun 1950 da farkon 1960, zamanin mulkin Turawa, a ka zuba giwan ruwa a ciki, da nufin ya mai da waɗannan ƙananan masu ƙaya su zama babban nama. Shekara ashirin ba a ga kome ba. A shekarun 1980 sai ya yaɗu gaba ɗaya, kafin a farga iri wajen 200 na 'yan gida sun ɓace. Da masu cin gansakuka da laka suka ragu, ga kuma taki da dattin garuruwa na kwarara ciki, ruwan ya gurɓace, ƙarƙashinsa ya rasa iskar shaƙa. Giwan ruwa da ya cinye abincinsa sai ya koma kan jatan lande da wani ɗan kifi da su ke kira dagaa, da 'ya'yan kansa. An sami kuɗi, gaskiya ne, an kafa masana'antu masu aika namansa Turai. Amma talakan bakin tafki ya rasa kifin da ya saba shanyawa a rana, gama giwan ruwa mai kitse ne, sai an yi masa banda, banda kuwa sai an sare itace.

Samon da tarawut a manyan tafkunan Amurka

Labari na uku daga ƙasar sanyi ya ke. Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna guda 5 a jere, kowanne kamar teku. Sarkin kifinsu tun asali shi ne tarawut na tafki, mai zama can ƙasa cikin ruwan sanyi, mai daɗewa a duniya. Da a ka haƙa hanyar jiragen ruwa don a kewaye gangaren Nayagara, sai baƙi biyu suka samu ƙofa. Na farko lamfiri, mai siffar maciji da halin matsattsaku, ya manne a jikin kifi ya tsotse jininsa. Shi da yawan su suka gama da tarawut a tafkunan Mishigan da Huron cikin shekarun 1940 da 1950. Baƙo na biyu wani ɗan kifi ne da su ke kira alwayif, dangin waranginmu. Da ya tarar babu mai cinsa, sai ya yi yawan da ya wuce misali. A 1967 ya mutu tuli-tuli, gawarsa ta rufe gaɓar birnin Shikago, sai da a ka kawo motocin tura ƙasa.

Hukuma ta sami maganin da ke kashe 'ya'yan lamfiri a rafuka. Sa'an nan a 1966 da 1967 a ka kawo kifin samon iri biyu daga bakin tekun Fasifik, a ka zuba a Mishigan don su ci alwayif. Dabarar ta ci. Gaɓa ta tsabtata, masu fatsa suka samu abin yi, garuruwan bakin ruwa suka yi arziki.

Amma ku dubi yadda dangin nan suka raba abinci. Babban samon, wanda su ke kira cinuk, kusan alwayif kaɗai ya ke ci, a tsakiyar ruwa, yana girma da sauri, ya mutu cikin shekara uku ko huɗu bayan ya haihu. Tarawut na tafki ba ya zaɓe haka: ya ci alwayif, ya ci kifayen ƙasa. Wani tarawut mai zane a gefe ya kan haɗa da ƙwarin saman ruwa, wani mai ruwan ƙasa kuma ya fi zama kusa da gaɓa. A ƙarshen shekarun 1980 wasu ƙananan dangin kawa suka shigo cikin ruwan da jiragen Turai ke zubarwa, suka shimfiɗe a ƙasan tafkunan suna tace gansakuka. Sai alwayif ya shiga tsaka mai wuya: a sama samon na cinsa, a ƙasa an cinye masa gona. A 2003 zuwa 2004 ya kusa ƙarewa a tafkin Huron. Cinuk mai abinci ɗaya ya rame ya ragu. Tarawut na asali kuwa sai ya farfaɗo, har ya koma haihuwa da kansa, gama ashe cin alwayif da yawa na hana 'ya'yansa wani sinadari da su ke bukata, su mutu suna ƙanana. Ganin haka, a 2013 a ka rage cinuk da a ke zubawa a Mishigan da wajen rabi.

Darasi uku na ɗauka daga labaran nan. In an kau da mafarauci, ƙanana su yi yawa har su halaka kansu. In an kawo baƙon mafarauci, ya iya cinye masu gida. Mai dogara ga abinci ɗaya kuwa, shi yunwa ke fara kamawa.

Mu a nan gida

Rafukanmu ƙanana ne, amma doka ɗaya ce. Akwai abubuwa uku da na ke so kowane yaro ya fita daga hannunmu ya san illarsu. Na ɗaya zuba majimfa ko maganin ƙwari na gona a gurbi lokacin rani. Mai yin haka ya cika kwando yau, amma ya kashe ƙwai da 'ya'ya da tsutsotsi da ƙwayoyin ruwa, watau ya ƙone rumbu don ya gasa ɓera. Wasu magungunan kuma ba sa fita daga jiki, su kan taru daga mataki zuwa mataki, har su fi yawa a jikin na ƙarshe, na ƙarshen kuwa mu ne. Na biyu su da gidan sauro, wanda shi ne ƙanen dala. Na uku wanke tankin feshi a rafi bayan an gama da gonar citta ko ta masara, da sare itatuwan kurmi da ke zubo wa kifi ganye da ƙwari, su kuma yi masa inuwa.

Akwai kuma ribar da ba a sayarwa a kasuwa. Ƙananan kifaye na cin tsutsar sauro. Ƙurungu da gaiwa na cin katantanwa, cikin katantanwa kuwa akwai mai ɗauke da cutar tsargiya. Kifi kaɗai ba zai kau da waɗannan cututtuka ba, amma rafin da a ka kashe kifinsa ya rasa 'yan gadinsa. Haka nan wanda ya haƙa tafkin kiwo a bayan gida, kada ya saki kifin da bai san asalinsa ba cikin rafi.

Yadda za a koyar

Ba a bukatar kayan tsada. Ga abin da na gwada lokacin da a ka tura mu koyon koyarwa a wata makarantar ƙauye, ya kuwa yi kyau.

Da fari, kwana bakwai kafin darasi, a cika kwalba biyu da ruwan kududdufi, a sa ɗan kashin kaji a kowace. Ɗaya a ajiye a taga, ɗaya cikin akwati. Ta taga za ta yi kore, ta akwati ba za ta yi ba. Yara da kansu za su faɗi dalili.

Na biyu, a samo ɗanyar karfasa da tarwaɗa, wadda a ka kamo a rafi ba ta kiwo ba, a fede su a gaban aji. A miƙe hanjin kowace a kan allo a auna da zare. A cikin tarwaɗar da mu ka fede mun sami fiffiken fara da ƙafar kwaɗo da ƙwayar dawa. Cikin karfasa kuwa kore ne kamar miyar kuka. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to shi giwan ruwa wa ke cinsa?" Na ce yana ƙarami tsage ya ci shi, ya girma kada da mutum su ci shi, in kuwa ya tsere musu duka ya mutu, ya ruɓe ya zama takin gansakuka. Sai wani yaro ya ce, "Ashe sarƙar zobe ce." Wannan amsa ta fi duk abin da na rubuta a allo.

Na uku, wasan zare. Kowane yaro a rataya masa suna: rana, gansakuka, ƙwayar ruwa, warangi, karfasa, tsage, giwan ruwa, zalɓe, masunci. A miƙa zare daga mai ci zuwa abin da ya ke ci. Sa'an nan malami ya ce warangi ya saki zarensa ya zauna. Duk wanda zarensa ya yi sako-sako shi ma ya zauna. Ba za a daɗe ba masunci zai ga kansa tsaye da zare a ƙasa.

Na huɗu, in da hali, a gayyato wani dattijo da ya san su, a ba shi kujera, a ce, "Baba, gaya wa jikokinka kifayen da ke rafin nan kuna yara, da waɗanda ba a gani yanzu." Abin da zai faɗa babu shi a littafi.

Tambayoyi don yara

1. Me ya sa a ke kiran gansakuka gonar tafki?
2. Kilo nawa na gansakuka a ke bukata don a sami kilo 3 na tsage?
3. Me ya sa faliya ta yi yawa a Kainji bayan 1968, sa'an nan ta ragu?
4. Giwan ruwa bai ɓata Kainji ba, amma ya ɓata Biktoriya. Don me?
5. Faɗi illa biyu na su da gidan sauro.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga 'yan'uwana ɗalibai. Sunayen da na kawo duk na Hausa ne, alhali kifayen rafukanmu na da sunaye da Tyap da Jju da Ham da Gworok da Fantswam, waɗanda tsofaffi kaɗai suka riƙe. Kowa in ya je hutu ya tambayo, ya rubuto sunan kifi da abin da ya ke ci da lokacin da a ke samunsa, ya miƙa wa editan wannan shafi. In mun haɗa su, waɗanda za su zo bayanmu za su sami abin koyarwa da ya fito daga ruwan garinsu.